Yadda ake duba tsohuwar jitar lantarki mai kogo kafin a saya, da yadda ake saita ta

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta bakuna daban-daban: "Ga wata tsohuwar jita an kawo mini, an ce ta shekarun 1960 ce, ta ina zan fara dubawa?" Wani kuma ya riga ya saya, ya kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya don ya goge ta, sai jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ya faɗo, yanzu bai san inda zai mayar da shi ba. Shi ya sa na ga ya dace in jera matakan wuri guda, bi da bi, yadda nake binsu da kaina.

Jitar da muke magana a kanta ita ce wadda cikinta babu komai sai iska, fuskarta ta ɗan yi tozo, da ramuka biyu masu siffar harafin f. Irin su Gibson ES-175 da ES-125 da ES-330, da Epiphone Casino, da Gretsch 6120, da na Guild, da masu sauƙin kuɗi na Harmony da Kay. Tsarin matakan yana da dalili. Na sa abin da ya fi cin kuɗi wajen gyara a gaba, domin idan jitar ta faɗi a mataki na uku, ba ka da buƙatar ɓata lokaci a kan na bakwai.

1. Haɗa kayan aiki

Kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da ƙaramar tocila mai haske sosai, da ƙaramin madubi mai sanda irin wanda likitan haƙori ke amfani da shi, da rula ta ƙarfe mai nuna milimita, da fila geji irin na makanikai, da kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka a wuri guda. Ka haɗa da mitar auna lantarki, da wayar jita wadda ka tabbatar lafiyarta ƙalau, da manhajar saita murya a wayarka ta hannu. Idan za ka samu tocila mai hasken nan shuɗi-baƙi da ake duba takardun kuɗi da shi, ka sa ta a jaka. Duk kayan nan a haɗe ba su kai kuɗin gyaran aibi ɗaya da za su tona maka ba.

2. Tabbatar mai kogo ce da gaske

Ramukan f kaɗai ba shaida ba ne. A 1958 Gibson ta fitar da ES-335, wadda a ido ta yi kama da mai kogo, amma akwai gungumen katako da ya ratsa tsakiyarta daga wuya zuwa gindi. ES-330 da ta fito a 1959, da Casino ta 1961, siffarsu kusan ɗaya da ita, amma su cikinsu wayam yake. Haska tocila ta rami ɗaya ka leƙa: idan ka ga bango ya tare ka a tsakiya, mai rabin kogo ce. Idan ka hango har ɗaya gefen, mai cikakken kogo ce.

Akwai kuma akasin haka. Wasu Gretsch na daga 1962, har da 6120 ta lokacin, ramukan nasu zanen fenti ne kawai, alhali cikinsu kogo ne. Irin waɗannan ba ka da ta inda za ka leƙa sai ta murfin da ke bayansu.

3. Wuya da jaki: nan ne kuɗin yake

Idan minti biyar kawai aka ba ka, ka ƙarar da su a nan.

Jaki shi ne ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar jita. A yawancin masu kogo ba a manne yake ba, ba a kafe yake ba, nauyin tsirkiyoyi ne kawai ke riƙe da shi. Yana da ƙananan tayoyi biyu na ƙarfe da ake murzawa a ɗaga shi ko a sauke shi. Kafin ka taɓa komai, dubi waɗannan tayoyin.

Saita muryar jitar daidai, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman firet na 12. Firet su ne ƙarafunan da aka jera a kan wuya. A tsirkiya mafi kauri ana son kusan milimita 2, a mafi siriri kusan milimita ɗaya da rabi. Yanzu haɗa awon da abin da ka gani a jaki. Idan tazarar ta yi daidai kuma akwai sauran wurin sauke jaki, wuyan yana nan a kusurwarsa. Idan tazarar ta kai milimita 3 ko 4 alhali an riga an murza tayoyin har ƙasa, to wuyan ya sunkuyo gaba saboda jan tsirkiya na shekara hamsin ko sittin, kuma babu saitin da zai magance shi. Sai an cire wuyan daga jiki da tururi, an gyara kusurwar, an sake mannawa.

Gargaɗi: masu sayarwa suna da dabaru biyu na ɓoye wannan. Ko dai su fere ƙasan jakin har ya zama siriri kamar takarda, ko su sassauta tsirkiyoyin ƙasa da muryarsu ta gaskiya don wuyan ya ɗan koma baya. Shi ya sa na ce ka saita muryar da kanka kafin ka auna.

Juya jitar ka dubi dunduniyar wuya, inda ya haɗu da jiki. Idan akwai tsaga da bakin takarda zai iya shiga, ko fenti ya tsage a layin haɗin, gam ɗin ya fara saki. Tsofaffin Gretsch na masana'antar Brooklyn sun yi suna a wannan matsalar, haka ma Harmony da Kay.

Sai sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake ɗaurewa a miƙar da shi. Nemi izinin mai jita, ka cire ɗan murfin da ke kan jitar, can ƙarshen wuya, ka dubi notin. A Gibson sifana mai inci 5/16 ke kama shi. Abin da kake so ka sani shi ne ko yana motsi. Fara da sassautawa kaɗan, kada ka fara da ɗaurewa. Idan bakin notin ya cinye, ko zaren ya fito da tsawo sosai a bayansa, alama ce an riga an ɗaure shi har ƙarshe.

Gargaɗi: idan notin ya ƙi, ka bar shi. Sandar da ta karye a cikin wuya tana nufin sai an ɓare allon firet gaba ɗaya. Kuma ka sani da yawa daga cikin Harmony da Kay masu araha ƙarfen da ke wuyansu ba mai ɗaurewa ba ne sam. Idan irin wannan wuyan ya lanƙwashe, babu notin da za ka murza.

A ƙarshe ɗora ido a kan kai ka hango wuyan har jiki, kamar mai duba miƙewar sanda. Lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi. Murɗewa, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ita ce abin gudu.

4. Fuska da cikin kogo

Ɗaga jitar daidai idonka ka kalli tozon fuskar daga gefe. Ya kamata ya tashi a hankali ya sauka a hankali. Idan ya lotsa a ƙarƙashin jaki, ko bakin ramin f na ciki ya nutse ƙasa da na waje, fuskar ta zauna. Alamar da ke tafiya da wannan ita ce jaki da aka ɗaga sama ƙwarai don a cike gurbin.

Dalilin yawanci yana ciki. A ƙarƙashin fuskar yawanci akwai sanduna biyu na katako da ke tokare ta. Zura madubi ta ramin f, ka haska, ka bi kowace sanda daga farko zuwa ƙarshe. Kana neman inda ta tsage ko ta rabu da fuskar. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da gaɓar yatsa: lafiyayya tana amsawa da murya ɗaya, mai sakakkiyar tokara tana yin wani kar-kar a ƙarshen sautin.

Ka kuma lura da irin katakon. ES-175 da ES-330 da Casino da 6120 an yi su da falle-fallen katako da aka manna aka matse, don haka ba su cika tsagewa ba, sai dai fallayen su rabu idan sun sha laima. L-5 CES da Super 400 CES kuwa, waɗanda suka fito a 1951, fuskarsu sassaƙaƙƙen katako ne tsantsa, ba falle-falle ba, kuma irinsu na tsagewa bisa tsawon jijiya. Tsagar da aka gyara da kyau za ka ga ƙananan facin katako a bayanta daga ciki. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wadda aka tsiyaya wa sufa gulu daga waje ita ce matsala, domin mai gyara na gaba sai ya fara da kankare ɓarnar.

Kada ka manta da hancinka. Warin ruma daga cikin kogo, ko tabon ruwa a katakon ciki, yana gaya maka inda jitar ta kwana.

5. Bayan kai da fenti

Kan jitocin Gibson yana karkata baya, kuma an huda gurbin noti daidai inda katakon ya fi siriri. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya shi. Duba bayan wuya tun daga firet na farko har ƙarƙashin kunnuwa, wato maɗauran da ake murzawa a saita muryar tsirkiya. Kana neman siririn layi mai lanƙwasa, ko wurin da fenti ya fi duhu ba gaira ba dalili.

A nan tocila mai shuɗin haske take biyan kuɗinta. A ɗaki mai duhu, tsohon banish irin na naitiro yana ƙyalli da wani ruwan kore-rawaya bai ɗaya. Duk inda aka yi faci daga baya sai ya fito dabam, yawanci da duhu.

Tsagewar banish kuwa, wadda ke kama da zanen gizo-gizo a fuskar jita, ba aibi ba ce. Haka wannan banish yake yi idan ya tsufa ya sha zafi da sanyi. Ni kam idan aka kawo mini jitar da aka ce ta 1959 ce tana sheƙi sumul babu tsaga ko ɗaya, ita ce nake yi wa kallon kyan ɗan maciji. Masu wannan sana'a kan ce karyewar kai ko sabon fenti na iya zaftare kusan rabin darajar jita, ko da aikin ya yi kyau. Ga mai kaɗawa wannan dama ce: kan da aka ɗora da kyau zai yi shekaru bai motsa ba, muryar kuma ba ta canzawa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka biya kuɗin lafiyayya a ba ka ɗorarriya.

6. Robar baki da garkuwa

Farar robar da aka kewaye bakin jiki da ita, da garkuwar da ke kare fuska daga farce, a tsofaffin jitoci da yawa da wata irin roba mai suna seluloid aka yi su. Idan ya fara ruɓewa yana fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Alamarsa: robar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta tsattsage kamar ƙanƙara, tana marmashewa, ƙarafunan da ke kusa da ita kuma sun yi kore ko tsatsa fiye da na nesa. Gretsch na shekarun 1950 da 1960 sun fi kowa fama da wannan a robar baki.

Gargaɗi: ruɓewar ba ta tsayawa kuma ba ta da magani. Idan garkuwa ce, kwance ta ranar da ka kai jitar gida, ka ajiye ta nesa da akwatin. Rufaffen akwati yana tara iskar ta cinye fikof, wato na'urar ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, da firet da kunnuwa. Kuma seluloid yana kama wuta nan take, kada ka kusantar da shi ga ƙarfen soda. Idan robar baki ce ta ruɓe a kewaye duka, sauya ta aiki ne mai tsawo da tsada, ka sa shi a lissafi.

7. Gano shekararta

Kada ka dogara da shaida ɗaya. Ka tara uku, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Shaida ta farko, abin da ke cikin kogo. Manyan samfuran Gibson suna da takarda mai siffar ƙwai da ake gani ta ramin f na sama. Daga 1947 zuwa 1961 lambarta tana farawa da harafin A. Takardar fara ce da farko, daga tsakiyar shekarun 1950 ta koma ruwan goro. Akwai kuma hatimin tawada a jikin katakon, lambar odar masana'anta, wadda harafinta na farko ke tafiya da baya: Z ita ce 1952, Y 1953, X 1954, W 1955, V 1956, U 1957, T 1958, S 1959, R 1960, Q 1961. Ƙananan samfura irin ES-125 na wancan lokacin sau da yawa wannan hatimin kaɗai gare su.

Daga 1961 aka koma buga lamba a bayan kai, kuma a nan mutane ke faɗawa rami, domin a shekarun 1960 Gibson ta maimaita lambobi, lamba ɗaya na iya nuna shekara biyu ko uku. Sai ka nemi taimakon siffa. A wajen 1965 faɗin wuya a sama ya ragu daga inci 1 da 11/16 zuwa inci 1 da 9/16, kuma ƙarafuna suka koma kurom mai sheƙi maimakon nikel da ke dusashewa. Hatimin da ke cewa an yi ta a Amurka, a ƙarƙashin lamba, daga 1970 ya zama na kowace jita, a daidai lokacin da aka ƙara wani ɗan ƙullutu a bayan wuya inda ya haɗu da kai. Daga 1977 zuwa 2005 lambar ta zama mai alƙaluma takwas, na farko da na biyar su ne shekara.

Casino da aka yi a shekarun 1960 a masana'antar Gibson ta Kalamazoo a jihar Michigan aka yi ta, domin tun 1957 Epiphone ta koma ƙarƙashin masu Gibson. Daga 1970 aikin Epiphone ya koma Japan. Suna ɗaya ne a kai, amma farashi ba ɗaya ba.

Shaida ta biyu, lambar da ke jikin folum daga ciki, wato abin da ake murzawa a ƙara ko a rage ƙarar jita. Da madubi da haƙuri za ka iya karanta ta. Alƙaluma uku na farko kamfanin da ya ƙera ne: 137 CTS, 134 Centralab, 304 Stackpole. Sai shekara, sai mako. Misali 1376420 na nufin CTS, 1964, mako na 20. A na shekarun 1950 alƙalami ɗaya ne ke nuna shekara. Wannan lambar tana gaya maka cewa ba a haɗa jitar kafin wannan makon ba, muddin folum ɗin na asali ne. Dubi dalmar da ke kansa: tsohuwa ta dusashe ta yi toka-toka, sabuwa tana ƙyalli.

Shaida ta uku, fikof, wato na'urar da ke ɗaukar motsin tsirkiya ta mayar da shi lantarki. ES-175 ta fito a 1949 da P-90 guda, aka ƙara mai biyu a 1953, sannan a 1957 aka koma fikof mai naɗi biyu, ƙirar injiniyan Gibson Seth Lover, wanda ke kashe gurnanin lantarki, wanda ake kira PAF. Gretsch 6120 ta fara da DeArmond, daga 1958 ta koma Filter'Tron. Idan takarda ta ce 1954 amma ga fikof mai naɗi biyu, wani ya faɗaɗa ramin fuskar da hannunsa.

Gargaɗi: PAF na asali kaɗai yana kai dubban daloli, don haka an daɗe ana zare su daga ES-175 a sa wasu. Ana kuma buga ƴar takardar da ke ƙasansu ta jabu. Idan kuɗin da ake nema ya dogara da cewa PAF ne, kada ka biya sai wanda ya san su ya gani da idonsa. Kada kuma ka narkar da dalmar murfin don ka leƙa, yin haka kaɗai yana rage masa daraja.

8. Gwajin lantarki

Kafin ka jona amfilifaya, sa wayar jita a soket, ka buɗe folum har ƙarshe, ka ɗora mita a bakin wayar. P-90 da PAF masu lafiya yawanci suna nuna tsakanin kilo'om 7 zuwa 9. Idan mita ba ta nuna komai ba, ko dai naɗin ya tsinke ko wata waya ta saki. Bi kowane fikof da makunnin zaɓi.

Sannan ka jona. Murza kowane folum a hankali. Ƙarar kar-kar yawanci datti ne, feshin goge lantarki na maganinsa. Saki tsirkiyoyin ka saurari gurnani, sannan ka taɓa su. Idan gurnanin ya ragu, wayar ƙasa da ke zuwa wutsiyar ƙarfe, wato ƙarfen da ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi a gindin jita, tana nan. Idan bai canza ba, ta tsinke. P-90 dama yana da ɗan gurnaninsa, halinsa ne.

Gargaɗi mai girma: idan an haɗa maka da tsohuwar amfilifaya ta zamaninta mai fulogi ƙafa biyu, kada ka yi gwaji da ita. Tsirkiyoyin suna haɗe da jikin amfilifaya, idan wuta ta zubo ta jikinka za ta bi. Na Amurka kuma an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120. Sai mai gyara ya duba ta tukuna.

Idan notin soket ya yi sako-sako, kada ka kwance shi gaba ɗaya. Soket ɗin zai faɗa cikin kogo, kuma a yawancinsu babu ƙofa a baya. Duk wayoyin irin wannan jita ta ramin f ko ramin fikof ake zaro su da zare, a mayar da su da zare. Shi ya sa gyaran lantarkin mai kogo ya fi na sauran jitoci tsada.

9. Lissafi kafin ciniki

Sunan ES-175 daga farashinta ya samo asali, dala 175 a 1949. Yau irinta ta shekarun 1950 dubbai ake magana, Harmony da Kay da yawa kuwa a ɗaruruwa suke. Wannan bambancin shi ke yanke hukunci a kan gyara. Daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, haka suke jere: saiti da goge folum, sake naɗin fikof, sauya firet, manna tokara, gyara kusurwar wuya, sai sauya robar baki duka da gyaran fuskar da ta zauna. Sauya firet ko gyaran kusurwar wuya a Amurka kowanne ɗaruruwan daloli ne. A kan Gibson kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A kan Kay mai araha kuɗin gyaran na iya fin kuɗin jitar, sai dai idan muryarta ce ta kama ka, kuma wannan ma dalili ne da nake girmamawa.

Rubuta kowane aibi, ka nemi mai gyara ya faɗa maka kuɗinsa, ka cire daga abin da za ka taya. Idan daga nesa za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi hoton jaki daga gefe, da rula a kan firet na 12, da dunduniyar wuya, da bayan kai, da cikin kogo, kuma ka tabbatar akwai sharaɗin mayarwa.

Gargaɗi ga mai ƙetare iyaka da ita: allon firet na yawancin Gibson na kafin ƙarshen shekarun 1960 da katakon rozwud na Barazil aka yi shi, wanda tun 1992 yake cikin rukunin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa na buƙatar takardar izini, in ba haka ba kwastan na iya riƙe jitar. Ka nemi takardar kafin a aiko.

10. Gogewa da sauya tsirkiya

Kafin ka sassauta komai, yanki salatif mai sauƙin ɓarewa, ka fara manna shi a rigarka don ƙarfinsa ya ragu, sannan ka yi alamar gaba da gefen ƙafafun jaki. Cire shi da zarar ka gama, kada ya kwana a kan banish. Sauya tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Idan dole ne ka cire duka, sa tsumma a ƙarƙashin wutsiyar ƙarfe don kada ta faɗo ta kwarzane fuskar, kuma ka lura da gefen jakin da ke fuskantar tsirkiya mai kauri.

Wajen gogewa, tsumma mai laushi da ɗan danshi ya isa. Datti mai maiƙo kuma man nafta, irin na cika laita, yana ɗauke shi ba tare da ya taɓa banish ba.

Gargaɗi: sifirit da tina da man cire jan farce suna narkar da wannan banish cikin daƙiƙa. Man goge mota ko na kujera yana shiga tsagogin ya bar farin layi da ba ya fita. Kada ka kankare dusashewar nikel don ya yi ƙyalli, garin neman gira za ka rasa ido. Duk abin da ka cire, ko sukuru ne, sa shi a leda ka ajiye.

Jakin katako an sassaƙa shi ne don jerin da tsirkiyarsa ta uku naɗaɗɗiya ce. Idan ka sa sirara irin na jitar zamani, ta ukun ba za ta taɓa zama daidai ba. Jeri mai ɗan kauri, lamba 11 ko 12, ya fi dacewa. Masu kiɗan jaz sun fi son masu sumul ɗin baya, waɗanda ke ba da murya mai kauri kuma ba sa cin firet.

11. Saiti, bisa tsari

Tsarin nan ba a tsallake shi, domin kowane mataki yana canza na bayansa.

Na farko, miƙewar wuya. Sa kafo a firet na 1, danna tsirkiya mai kauri a inda wuya ya haɗu da jiki, wato firet na 14 a ES-175, na 16 a Casino. Zura fila geji a kan firet na 7. Ana son milimita 0.2 zuwa 0.3. Idan ya fi haka, ɗaure noti ta hannun dama, idan babu tazara sam, sassauta. Kada ka wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda. Sassauta tsirkiya kafin ka ɗaure, sannan ka ba katakon kwana guda ya zauna kafin ka ƙara.

Na biyu, tsayin jaki. Sassauta tsirkiyoyi kafin ka ɗaga tayoyin, in ba haka ba zaren zai cinye. Kai awon da na faɗa a mataki na uku, sannan ka bi kowane firet ka ji ko akwai zizar tsirkiya.

Na uku, mazaunin jaki. Idan alamarka ta ɓace, auna daga bakin matashin tsirkiya, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa inda wuya ya haɗu da kai, zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu. A Gibson mai tsawon inci 24 da 3/4 zai ba ka kusan milimita 628. Ajiye jakin a nan, ka ɗan ja gefen mai kauri baya da milimita biyu ko uku. Yanzu kaɗa tsirkiyar a sake, sannan ka danna ta a firet na 12, ka dubi manhaja. Idan dannanniyar ta haura sama, ja jakin baya wajen wutsiya. Idan ta gaza, tura shi gaba wajen wuya. Yi haka da mafi siriri da mafi kauri kawai, na tsakiya za su bi. Sassauta tsirkiya duk lokacin da za ka motsa shi, ka riƙe ƙafafun da hannu biyu.

Gargaɗi: kada ka manna jaki da gam, kada ka kafa masa kusa. Na taɓa karɓar wata da aka manne jakinta a wurin da ba daidai ba, wajen ɗaga shi sai da fenti ya biyo. Dubi ƙafafun ma: idan haske na wucewa ta ƙarƙashinsu, ba su zauna a kan tozon ba, kuma murya na zubewa a nan. Mai gyara zai goga su su dace.

Na huɗu, tsayin fikof. Danna firet na ƙarshe, ka bar kusan milimita 2 tsakanin tsirkiya da fikof. P-90 mai kunnuwa biyu irin na ES-330 da Casino ba ya hawa da sukuru, sai an sa masa mashimfiɗi a ƙasa.

12. Kuka da ajiya

Mai kogo tana kuka idan ƙarar amfilifaya ta shiga cikinta ta girgiza fuskar. Wannan ba lalacewa ba ce, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro mai gungume a tsakiya ke nan. Tsaya a gefen amfilifaya ta ɓangaren wuya, kada ka ba ta fuska ko baya kai tsaye. Rage murya mai kauri, rage folum na jitar kaɗan, ka ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa. Idan dole ne a yi ƙara sosai, akwai marufan ramin f na soso da ake sawa a cire. Kada ka tsiyaya wani abu a cikin kogon. Idan kukan siriri ne mai tsinin kunne kuma bai tsaya ba ko ka danne tsirkiya, daga fikof yake, naɗinsa ko murfinsa ya yi sako-sako.

Ajiye ta a akwatinta, a ɗakin da danshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ƙaramin ma'aunin danshi a cikin akwati zai gaya maka gaskiya. Bushewa na tsaga katako ta fito da bakin firet, laima na sakin gam. Kada ka bar ta a cikin mota a rana. Idan ta fito daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, bar akwatin a rufe na ƴan awoyi kafin ka buɗe. Robar da ke jikin yawancin maratayan jita da maɗaurin kafaɗa na leda suna cin wannan banish, don haka lulluɓe wurin da auduga, kuma cire maɗaurin kafin ka rufe akwati. Idan za ta daɗe ba a kaɗa ta ba, sassauta tsirkiyoyin kaɗan yadda jakin zai ci gaba da zama a wurinsa, ka riƙa buɗe akwatin duk bayan ƴan makonni iska ta shiga, ka sake duba garkuwa da robar baki.